Ka kalli bos ɗin fim, za ka san abin da ke hana Amurka barci

A tsakiyar 2001 akwai wata tirela ta fim ɗin Spider-Man da ake haskawa a sinimomin Amurka. Ɓarayi sun fasa banki sun tsere a jirgi mai saukar ungulu, suna ta murna sun sha, kawai sai jirgin ya tsaya cak a sama, kyamara ta ja baya sai ga shi ashe maƙalewa ya yi a cikin wata ƙatuwar saƙar gizo-gizo da aka yi tsakanin tagwayen benayen nan na New York. Ana kai harin 11 ga Satumba kamfanin Sony ya janye tirelar, har da fastocin da ake hango benayen a cikin idon jarumin. Da fim ɗin ya fito a watan Mayun 2002 ya tara sama da dala miliyan 114 cikin kwana uku, abin da wani fim bai taɓa yi ba kafin nan, kuma a ciki akwai wani sin da mutanen gari suka taru a kan gada suna jifan bos da duk abin da hannunsu ya kai, suna ce masa wanda ya taɓa ɗayanmu ya taɓa mu duka. Fim ɗin ma a jikin sandar tutar Amurka ya ƙare. Wata takwas kenan da harin, to ka ƙiyasta yadda ɗan New York ya ji a kujerarsa.

Mutane da yawa suna raina finafinan su Superman, wai shirme ne na yara, ƙato ya sa matsattsun kaya yana tashi sama. Ni ban ce ba shirme a ciki ba, akwai shi birjik. Amma suna da wani amfani ɗaya da sauran finafinai ba su da shi, wato akta ɗin ba ya canzawa. Superman na 1938 shi ne dai na 2025, ja da shuɗi, harafi a ƙirji, Batman ma haka, Captain America ma da garkuwarsa. Tunda shi yana nan yadda yake, duk abin da ka ga ya sauya a kewayensa zamani ne ya sauya shi, kuma ba inda sauyin ya fi fitowa fili kamar a wajen bos. Wane ne shi, daga ina ya fito, baƙo ne ko ɗan gida, me yake so ya lalata. In ka jera su shekara bayan shekara za ka ga bos ya taso daga ƙetaren teku yana matsowa a hankali, har ya shigo gari, ya shiga ofishin gwamnati, yanzu ma yana zaune a kujerar mai kamfani.

Abin dariyar shi ne a gida ma ya fara. Samari biyu ne suka ƙirƙiro Superman a garin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukansu 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa nahiyar ne, kuma a lokacin ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga karyewar tattalin arzikin 1929 ba, wanda a 1933 ya kai mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki yana zaman kashe wando. Superman ɗin mujallar zane ta 1938 ko tashi sama ba ya yi, tsalle kawai yake, kuma ba ruwansa da dodannin wata duniya. Mai dukan matarsa ya kama ya maka da bango, ya tsorata masu saye 'yan majalisa da kuɗi, ya sa wani mai ramin haƙar ma'adinai ya ɗanɗani zama a cikin ramin da yake tura leburorinsa, a wani labarin ma rushe unguwar talakawa ya yi da gangan don gwamnati ta gina musu sabuwa. Ɗan gwagwarmayar talakawa ne sak. Su kuma masu ƙirƙirar tasa dala 130 aka biya su suka sallama haƙƙin mallakarsa, suka ƙare shekaru suna zarya a kotu.

Sai yaƙi ya zo. A watan Disambar 1940 aka fitar da mujallar Captain America ta farko, a bangonta yana zabga wa Hitila naushi a muƙamuƙi, alhali saura kusan shekara guda Japan ta kai harin Pearl Harbor, kuma Amurkawa da yawa ba sa son shiga yaƙin Turai sam, har barazana masu goyon bayan 'yan Nazi suka riƙa yi wa Joe Simon da Jack Kirby da suka zana shi. Lokacin ne bos ya fi sauƙin ganewa, yana can nesa, yarensa daban, tutarsa daban. A wannan zamanin ne kuma aka liƙa wa Superman kirarin nan na cewa yana kare gaskiya da adalci da tafarkin Amurka, ku riƙe wannan kirarin don zai sha wahala nan gaba.

Jaruman shekarun 1960 kuwa kusan dukansu 'ya'yan tsoron nukiliya ne. Hulk gwajin bam ne ya mayar da shi dodo, Spider-Man gizo-gizon da ya sha tururin nukiliya ne ya cije shi, duk a 1962, shekarar da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kusa harba wa juna makamai saboda rikicin Kiyuba. To da aka zo yin fim ɗin 2002 sai gizo-gizon ya koma wanda masana suka jirkita wa ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike, saboda a lokacin nukiliya ta tsufa, maganar da ake yi ita ce ta tunkiyar nan Dolly da aka kwafo a 1996 da taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Cizo ɗaya ne, yaro ɗaya ne, abin tsoron ne kawai aka sabunta. Iron Man ma haka, a mujallar 1963 a Biyetnam aka kama shi, a fim ɗin 2008 aka mayar da kamun Afganistan, labarin bai ko girgiza ba.

A 1974 bos ya shiga fadar gwamnati, ana tsakiyar badaƙalar Watergate ta leƙen asirin siyasa da ta dabaibaye shugaba Nixon. A mujallar shekarar Captain America ya bi shugaban wata ƙungiyar asiri har cikin fadar White House, aka cire masa abin rufe fuska, ba a nuna wa mai karatu fuskar ba amma kowa ya gane wa ake nufi. Jarumin ya ajiye kayansa da garkuwarsa ya koma amfani da wani suna mai nufin marar ƙasa. A watan Agustan shekarar Nixon ya sauka daga mulki, shekara mai zuwa kuma aka kwashe Amurkawa na ƙarshe daga Saigon ta Biyetnam a jirage masu saukar ungulu. To a kan wannan gajiyar ne babban fim ɗin Superman na 1978 ya sauka, wanda Christopher Reeve ya fito a ciki. Akwai sin ɗin da 'yar jarida Lois Lane take masa tambayoyi a barandar gidanta, ya karanto mata kirarin nan na tafarkin Amurka da zuciya ɗaya, ita kuma ta yi masa ba'a cewa in haka ne sai ya yi faɗa da duk wani zaɓaɓɓen ɗan siyasa a ƙasar. Shi kuma ya ce mata ba ya ƙarya. Shekara biyu kafin nan Jimmy Carter ya ci zaɓe da alkawarin ba zai taɓa yi wa Amurkawa ƙarya ba. Masu fim ɗin sun san 'yan kallo Lois ne, sun daina yarda da kowa, amma suna ƙishirwar wanda za su yarda da shi.

Batman na 1989 na zamanin tsoron titi ne, hodar iblis ta cika unguwanni, a 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a New York, don haka garin fim ɗin duhu ne da hayaƙi da 'yan sandan da aka saye. Daga nan Sobiyet ta wargaje a 1991, tattalin arziki ya haɓaka, Amurka ta waiga ba ta ga abokin gaba ba, finafinan suka koma wasan yara masu fitilu kala-kala, har na 1997 ya sha dariyar da sai da aka shekara takwas ba a sake fim ɗin Batman ba. Kamfanin Marvel kansa, mai su Spider-Man da Captain America, a 1996 ya shiga kotu ya ce ya karye. Wannan nau'in fim ba ya ƙiba sai ƙasa na cikin fargaba.

Fargabar kuwa ta zo a 2001. Da farko haɗin kai ne da tuta, irin na gadar Spider-Man, amma abin bai daɗe ba. An shiga Iraƙi a 2003 da hujjar makaman ƙare dangi da ba a taɓa gani ba, hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito a 2004, ga Guantanamo, a ƙarshen 2005 kuma jarida ta fallasa cewa gwamnati na sauraron wayoyin mutane ba da izinin kotu ba. A fim ɗin Superman na 2006, da editan jarida ya zo faɗin kirarin nan sai ya ambaci gaskiya da adalci, ya ƙarasa da wani abu kamar "da dai sauransu". An haɗiye sunan Amurka, masu ra'ayin riƙau suka yi ta ƙorafi.

Amma 2008 ce shekarar da ya kamata a tsaya a kai, don finafinai biyu suka fito wata biyu tsakani suna amsa tambaya ɗaya. A Iron Man jarumin dillalin makamai ne da kansa, aka kama shi a Afganistan ya ga sunan kamfaninsa a jikin rokar da ta kusa kashe shi, kuma can ƙarshe ashe masu rawanin da suka kama shi 'yan kwangila ne kawai, ainihin bos abokin kasuwancinsa ne mai kwat da sigari, wanda ke sayar wa ɓangare biyu makamai. A kashi na uku na 2013 ma sun ƙara gaba, ɗan ta'addan da ke aiko saƙon bidiyo da gemu irin na Bin Laden ashe wani ɗan wasan kwaikwayo ne mashayi da wani attajirin Ba'amurke ya ɗauka haya. Shi kuma The Dark Knight, fim ɗin Batman na Christopher Nolan, ya fi nauyi. Joker ɗin da marigayi Heath Ledger ya fito ba ya son kuɗi, tulin daloli ma ya cinna wa wuta, ba a sulhu da shi, ba a san asalinsa ba, yana aiko bidiyon garkuwa da mutane, yana tayar da asibiti. To me Batman ya yi? Ya tashi takanas ya je Hong Kong ya sato mutum ba tare da izinin kowace kotu ba. Ya kulle ƙofar ɗakin tambayoyi ya jibgi wanda ake tsare da shi, kuma dukan bai ba shi abin da yake so ba, don Joker musanya masa adireshi ya yi. Sannan ya mayar da wayar kowane ɗan gari na'urar leƙen asiri, har dattijon da ke haɗa masa kayan aiki ya ce wannan ikon ya yi wa mutum ɗaya yawa, zai taimaka sau ɗaya ya ajiye aiki. Satar mutane daga wata ƙasa, azabtarwa, sauraron waya, duka ukun abubuwan da ake zargin gwamnatin Bush da su ne a daidai lokacin. Wani marubuci Andrew Klavan ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa fim ɗin yabon Bush ne, wasu suka ce a'a tonon silili ne, kuma kowa na da sin ɗin da zai nuna. A ganina Nolan da gangan ya bar wa kowa nasa, amma ka lura da yadda aka ƙare, an lalata na'urar ne saboda Batman mutumin kirki ne ya ga dama, ba don wata doka ta tilasta shi ba, kuma zaman lafiyar garin a kan ƙarya aka gina shi, aka ɓoye wa jama'a laifin babban lauyan gwamnati don kada su karaya.

Akwai kuma maganar ƙura. Daga The Avengers na 2012 zuwa Man of Steel na 2013, sai ka ga benaye na zubewa, mutane na gudu a titi fuska duk toka, takardun ofis na yawo a iska, hotunan da duk wanda ya kalli talabijin ranar 11 ga Satumba ya sani. Sai dai a fim akwai wanda ke zuwa a kan lokaci. Kamar dai ƙasar na maimaita ranar ne tana gyara ƙarshenta. A gefe ɗaya kuma ma'aikatar tsaron Amurka na da ofishin da ke karanta labarin fim kafin ta ba da aron jirage da sansanoni, Iron Man ya samu, an ɗauki wasu sin a sansanin sojin sama na Edwards, amma a The Avengers sojoji suka janye hannu, wai ba su gane hukumar sirrin da ke cikin labarin wa take yi wa biyayya ba, Amurka ko wani can daban.

Tambayar tasu kuwa ita ce ta zama fim ɗin 2014, The Winter Soldier. A nan hukumar tsaron da Captain America ke yi wa aiki ita ce bos, 'yan Nazi sun daɗe da yin sheƙa a cikinta, sun haɗa wata manhaja mai karanta bayanan banki da saƙonni da tarihin kowa ta fitar da sunayen waɗanda za su iya zama matsala nan gaba, jiragen yaƙi uku su kashe su daga sama kafin su yi komai. Don a ƙara wa miya gishiri aka ɗauko Robert Redford, wanda ya fito a ɗan jaridar da ya tona Watergate a fim ɗin 1976, aka ba shi rawar mugun. Kowa ya ce ai labarin Edward Snowden aka kwafa, tunda a watan Yunin 2013 ya fallasa leƙen asirin hukumar tsaron Amurka ta NSA. To amma an fara ɗaukar fim ɗin tun watan Afrilun 2013, kafin a san da wani Snowden. Daraktocin sun ce abin da ke ransu shi ne jerin sunayen da gwamnatin Obama ke zaɓa tana kashewa da jirage marasa matuƙa, wanda jaridu suka ba da labarinsa a 2012. Irin wannan fim shekara biyu zuwa uku yake ɗauka daga rubutu zuwa sinima, don haka ba labaran jiya yake kwafa ba, abin da ya daɗe yana tsuma a zukatan mutane yake ɗauka, wani lokaci sa'a ta sa ya fito daidai ranar da abin ya fashe, sai a ce annabci ne.

Mu ma a Najeriya an taɓo mu aƙalla sau biyu, kuma yadda aka taɓo mu ɗin darasi ne. Civil War na 2016 kusan farkonsa a Legas yake, ko da yake a Atlanta aka gina kasuwar aka ɗauka. Jaruman suka shigo ƙasar mutane ba sallama suna farautar wani, bam ya tashi ya kashe bayin Allah a wani bene, daga nan ƙasashe 117 suka ce dole a sa musu linzami a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Muhawarar Iraƙi ce da ta jirage marasa matuƙa aka sa wa kayan wasa, shin mai ƙarfi na da ikon tsallaka iyakar kowa don ya yarda da niyyarsa. Amma waɗanda suka mutu a Legas ko suna ba a ba su ba, amfaninsu kawai su sa jarumai su yi jayayya a ɗakin taro. Na biyu shi ne Black Panther na 2018, inda kusan farkon fim aka rubuta dajin Sambisa a allo, ga ayarin motoci ɗauke da matan da aka sace, shekara huɗu bayan ɗauke 'yan matan Chibok 276, jarumi ya diro daga sama cikin minti biyu ya gama da 'yan bindigar. Wanda ke Maiduguri ya san ba haka abin yake ba.

Duk da haka ba zan rage wa fim ɗin nan daraja ba. Ya fito wata ɗaya bayan an ruwaito Trump ya zagi ƙasashen Afirka da wata kalmar ƙazanta a taron fadarsa, shekaru kaɗan bayan zanga-zangar garin Ferguson ta 2014 kan kisan baƙar fata da ɗan sanda ya yi da tashin masu fafutukar kare rayukan baƙar fata, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci Oscar uku, kuma shi ne na farko a irinsa da ya shiga takarar gwarzon fim. Bos ɗinsa Killmonger yaron Oakland ne da aka yasar, sojan Amurka ya horar da shi, kuma kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne, tun daga tambayar da ya yi wa ma'aikaciyar gidan tarihi a Landan kan yadda kakanninta suka samu kayan da ke cikin gilashi, wanda duk mai labarin wawashe Benin a 1897 ya san amsar. Baƙaƙen Amurka da yawa sun fito sinima suna cewa shi ne nasu. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne an kashe shi, an kuma bar jami'in CIA a matsayin abokin kirki mai taimakon sarkin Afirka, a nahiyar da ba ta manta da kisan Lumumba, firaministan Kwango, ba.

Wannan ya zama salo. Bane, bos ɗin fim ɗin Batman na 2012, ya kai hari kasuwar hannun jari yana kiran talakawa su ƙwaci garinsu, bayan karyewar bankunan 2008 da zaman dirshan na Wall Street a 2011. Riddler na Batman ɗin 2022 maraya ne da ke tona cin hancin manyan gari yana tara mabiya a intanet. Kullum sai a ba bos ƙorafi na gaskiya, ɗan kallo ya fara gyaɗa kai, sai a sa shi ya shaƙe wata tsohuwa ko ya dasa bam a inda ba ruwan kowa, shi kenan an wanke hannu, a kashe shi a koma yadda ake. Suna tuna min da mai maganin gargajiya a tasha, zai lissafo maka ciwonka tiryan-tiryan har ka ce ya shiga cikinka ne, amma ƙullin maganin ɗaya ne ko me ke damunka. Ƙullin a nan shi ne a samu mutum ɗaya mai ƙarfi mai kyakkyawar zuciya a bar masa komai. Ba ƙungiya, ba zaɓe, ba kotu, su jama'a aikinsu gudu da ihu da tafi.

A 2019 ne aka ɗan fasa wannan. Joker na Joaquin Phoenix ba jarumi a cikinsa ko ɗaya, mai taɓin hankali ne da gwamnati ta yanke kuɗin ofishin da ke ba shi magani, kuma mahaifin Batman, wanda shekara da shekaru ake nuna shi a attajiri mai tausayi, a nan mai raina talaka ne da ke neman kujerar magajin gari. Fim ɗin ya wuce dala biliyan ɗaya, a ƙarshen shekarar aka riƙa ganin fentin fuskarsa a zanga-zangar Beirut da Santiago da Hong Kong. A shekarar dai aka fara shiri mai dogon zango The Boys, inda jaruman ma'aikatan wani katafaren kamfani ne, mai kama da Superman ɗin cikinsu yana yafe da tutar Amurka kuma shi ne mafi mugunta. Kamfanin Amazon ne ke haska shi, wato zagin manyan kamfanoni ma ya zama haja.

Sai kuma kada a manta ba Amurkawa kaɗai ake yi wa finafinan ba. Tun da Disney ya sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, lissafin duniya ake yi. Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8, kuma kusan kashi 70 cikin 100 daga wajen Amurka da Kanada ya fito, Sin kaɗai ta ba da sama da miliyan 600. An ƙara wa Iron Man 3 wasu sin na musamman don sinimomin Sin, a Doctor Strange na 2016 kuma malamin da asalinsa ɗan Tibet ne aka mayar da shi Baturiya, ɗaya daga cikin marubutan ya fito ya ce tsoron ɓata wa Sin rai na ciki. Shi ya sa babban bos na wannan zamanin ya zama wani ƙaton dodo mai launin shunayya daga wata duniya, ba shi da ƙasa ba shi da addini, ba jakadan da zai kai ƙara. Wani abin da ake ɗauka yanayin ƙasa ne, wallahi lissafin akanta ne kawai.

Bayan korona abin ya yi sanyi. Captain Marvel ya wuce biliyan ɗaya a 2019, cigabansa na 2023 da ƙyar ya haura miliyan 200, mafi ƙaranci a tarihin jerin finafinan Marvel. Waɗanda suka yi kasuwa sosai su ne masu dawo da tsofaffin fuskoki, Spider-Man na 2021 da ya haɗa tsofaffin 'yan wasa ya tara biliyan 1.9, na Deadpool da Wolverine a 2024 biliyan 1.3, har Robert Downey da ya fito a Iron Man ma an sake kiransa. Ba na jin haɗuwa ce kawai a ce kewar baya ce ke sayar da tikiti a ƙasar da taken siyasarta mafi ƙarfi shi ne a mayar da ita yadda take a da. Kirarin nan kuwa tun a 2021 kamfanin DC mai Superman ya cire Amurka daga ciki a hukumance ya sa gobe mai kyau a gurbinta.

Da sabon Superman na James Gunn ya zo a watan Yulin 2025, bos attajirin fasaha ne mai kurkukun sirri da gwamnati ke ba shi haya, yana da rundunar birai da ke zaune gaban kwamfuta suna zagin jarumin a soshiyal midiya, ga kuma wata ƙasa ƙawar Amurka da ke shirin mamaye maƙwabciyarta marar makamai, wasu suka ce Gaza ce wasu suka ce Yukiren, daraktan ya ce ba Gabas ta Tsakiya ce a ransa ba sanda yake rubutawa. Tun kafin a fara haskawa ya ce a wata hira Superman baƙo ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, maganar da take haka tun 1938, amma a shekarar da ake kamen baƙin haure sai ta zama rigima, tashar Fox ta yi kwanaki tana caccaka, fadar White House kuma ta wallafa hoton Trump sanye da kayan Superman. Kowane ɓangare na cewa nasa ne. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600, amma wannan karon fiye da rabin kuɗin daga cikin gida ya fito, kishiyar abin da aka gani a 2019, kuma da aka tambayi Gunn dalili, cikin abubuwan da ya lissafa har da ƙyamar Amurka da ake yi yanzu a ƙasashen waje.